Allo a Hannun Malami, Makulli a Hannun Kamfani

A ɗakunan kwamfuta na makarantun sakandare, a ofisoshin ƙungiyoyi da shagunan buga takardu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai wani ɗan rubutu da ido ya saba da shi har ya daina ganinsa. Yakan zauna a ƙasan fuskar na'ura, ta hannun dama, da Faransanci ko da Ingilishi, yana neman a tabbatar da lasisin Windows. Ɗalibi yakan buga darasinsa rubutun na nan, sakataren ƙungiya yakan shirya takardar gayyata rubutun na nan, kowa ya ɗauke shi tamkar tabon damina a jikin bango. Alhali kuwa tuhuma ce. Abin da yake faɗi, in an tuɓe masa rigar ladabi, shi ne kamfanin da ke zaune a Redmond ta ƙasar Amurka bai yarda mai wannan na'ura ya biya ba, kuma har ranar da zai kawo shaida, sunansa yana cikin jerin ɓarayi.

Ya kamata malamai da masu raya al'adu su dubi wannan tuhuma da idon basira, domin ta shafi kayan aikin da ake koyar da ƴaƴan jama'a da su, ta kuma shafi rumbun da ake ajiye rubuce-rubucen harsunan ƙasa. Tsarin tantance lasisi da aka ɗora wa duniya shekaru fiye da ashirin ke nan yana hukunta wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, yana barin babban ɓarawo ya wuce, sannan yana ajiye makullin aji a aljihun wanda bai taɓa taka garin ba. Hujjojin wannan magana a rubuce suke cikin tarihin tsarin kansa.

Yadda aka kafa shingen

A watan Oktoba na 2001 Microsoft ya fitar da Windows XP, kuma da ita ne tilasta tabbatar da lasisi ta shiga gidajen jama'a. Mai saye yakan shigar da makulli mai haruffa da lambobi 25. Manhajar ta leƙa sassan na'urar, ta haɗa musu wata lamba tamkar zanen yatsa, ta aika wa kamfanin. Kwana 30 aka ba mutum. In bai yi ba, ƙofa ta rufe. Wanda ba shi da intanet sai ya buga waya, ya karanto jerin lambobi wajen hamsin, a karanto masa wasu ya shigar. An tsara wannan ne a lokacin da layin waya a Nijar yake kayan ofisoshin gwamnati da ƴan kasuwa ƙalilan.

Tun kafin XP ta shiga kasuwa, wani makulli irin wanda ake ba manyan kamfanoni, wanda ba ya neman tabbatarwa, ya riga ya ɓalle ya zagaye duniya. Daga ranar farko ke nan siffar abin ta bayyana: mai kwafin sata ya wuce ba tambaya, mai kwafin halal ya tsaya a layi yana ƙirga lambobi.

A watan Yuli na 2005 aka ƙara shinge na biyu, mai suna Windows Genuine Advantage, wato wai fa'idar mai Windows ta asali. Duk wanda ke son sauko da wasu kayayyaki daga kamfanin sai ya bari an binciki na'urarsa tukuna. A Afrilun 2006 aka tura wani sashe na wannan mai bincike cikin na'urorin jama'a ta hanyar da aka tanada domin facin tsaro, aka yi masa laƙabin sabuntawa mai muhimmanci, mutane suka karɓa suna zaton rigakafi ne. A watan Yuni na shekarar aka gano cewa abin yana tuntuɓar kamfanin kullum, ba tare da an sanar da mai na'ura ba. Kamfanin ya amsa haka ne, ya rage, daga baya ya cire wannan ɗabi'a. An shigar da ƙara a birnin Siyatil ana cewa manhajar leƙen asiri ce. Shari'ar ta mutu a 2010 ba tare da an kama kamfanin da laifi ba. Amma ɓarnar da aka yi ta fi ta kotu girma: an koya wa miliyoyin mutane jin tsoron sabuntawa, masu gyara suka shiga kashe ta a kowace na'ura da ta bi ta hannunsu, na'urori suka zauna ba faci, cututtukan kwamfuta suka samu gona.

Shi mai binciken ma ba ma'asumi ba ne. A farkon 2007 kamfanin ya ba da lissafin cewa an binciki na'urori miliyan 512, fiye da kashi 22 cikin 100 suka faɗi, ya kuma ce kuskurensa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ko da rabin kashi ɗaya ne, ya haura mutum miliyan biyu da rabi da aka kira ɓarayi suna riƙe da rasit. A watan Agusta na 2007 aka ɗora wa manyan na'urorin kamfanin wata manhaja da ba a gama gwadawa ba. Cikin ƙasa da kwana guda na'urori wajen 12,000 masu lasisin gaskiya aka yanke musu hukuncin jabu. A kan Windows Vista hukuncin yakan kai ga a bar mutum da manhajar shiga intanet kawai, ta awa ɗaya, sannan a fitar da shi. Ƙorafi ya yi yawa har aka janye wannan horo a 2008. A Oktoban shekarar kuma aka mai da fuskar kwamfutocin ƙasar Sin baƙa ƙirin, kowace awa ta sake baƙi ko an gyara, har wani lauya a Beijin ya kai kuka ga hukuma yana cewa kamfanin ne ya fi kowa kutse cikin na'urorin ƙasar.

Ko a shari'ar Musulunci ko a dokar zamani, mai da'awa ne ke kawo hujja, kuma ba ya zama alƙalin kansa. A wannan tsari kamfani shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne dogarin da ke zartar da hukunci, kotun kuwa tana cikin ɗakin wanda ake tuhuma.

Wa ake kamawa?

Malamai sun fi kowa cancantar sanin labarin Aleksandar Ponosov, shugaban makaranta a ƙauyen Sepych na yankin Perm a ƙasar Rasha. Makarantarsa ta karɓi kwamfutoci daga wani ɗan kwangila, Windows na kansu tun daga shago. A 2006 masu gabatar da ƙara suka tuhume shi da amfani da kwafin sata a kan na'urori 12, suka ƙiyasta asarar kamfanin a kan rubul 266,000 da ƴan kai, laifin da kan iya kai mutum kurkuku har shekara biyar. A Fabrairun 2007 Mikhail Gorbachev ya rubuta wa Bill Gates buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon a sassauta. Kamfanin ya ce ba shi ya shigar da ƙarar ba. A watan Mayu aka ci malamin tarar rubul 5,000, wajen rabin albashinsa na wata. Sai a Disambar 2008 babbar kotun yankin ta wanke shi. Shekara biyu da rabi mutum yana zarya tsakanin aji da kotu, a kan abin da wani ya zuba wa na'ura kafin ta iso ƙauyen. Duk shugaban makarantar da ya taɓa sa hannu a takardar karɓar kwamfutocin taimako bai tambayi lasisi ba, a kujerar Ponosov yake zaune, ko da ba a taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Ƙungiyoyi kuma su riƙe labarin Irkutsk. A Janairun 2010 ƴan sanda suka shiga ofishin wata ƙungiyar kare muhalli da ke adawa da sake buɗe masana'antar takarda a bakin tafkin Baikal, suka kwashe kwamfutocinta da sunan neman manhajar sata. Ƙungiyar ta ce ta sayi lasisi, da takardunta a hannu. Wannan bai hana a tafi da na'urorin ba, da duk abin da ke cikinsu. Sai da jaridar New York Times ta fallasa a watan Satumba cewa ana amfani da wannan dabara kan ƙungiyoyi da jaridu masu sukar hukuma, sannan kamfanin ya sanar da lasisin kyauta na bai-ɗaya ga irin waɗannan ƙungiyoyi a Rasha da wasu ƙasashe. Darasin a fili yake: inda kusan kowa yake da kwafi mai shakku, dokar lasisi sanda ce da aka jingine a bayan ƙofa, mai iko ya ɗauka ranar da ya ga dama, ya zaɓi wanda zai doka.

A wannan yanki lamarin ya fi rikiɗa, domin yawancin na'urori gwanjo ne, daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, suka bi ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano, Lome da Legas. Da yawansu an riga an biya musu lasisi tun a masana'anta: tsofaffin da takarda manne a jiki, waɗanda aka ƙera tun daga Windows 8 a 2012 kuma makullin yana cikin ƙwaƙwalwar na'urar. Amma in faifan ajiya ya mutu, mai gyara ya zuba irin Windows ɗin da ke hannunsa wadda ba ita aka biya wa na'urar ba, sai rubutun tuhuma ya fito. An biya kamfani kuɗinsa, an kuma kira mai na'ura ɓarawo. A Amurka wani mai sana'ar farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, Eric Lundgren, ya sa an buga faya-fayai 28,000 na mayar da Windows kan na'urorin da suke da lasisinsu. Ya yi kuskuren kwaikwayon tambarin kamfanoni a jikin faya-fayan, amma abin da ke cikinsu kyauta ake saukowa da shi, ba ya kuma aiki sai da lasisi. An ɗaure shi wata 15 a 2018. Ga abin da ya samu mai ƙoƙarin tsawaita ran irin na'urorin da makarantun Afirka ke rayuwa a kansu.

Haƙƙin mai fasaha fa?

Masu kare tsarin suna da hujja mai nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi mata riƙon sakainar kashi. Suna cewa manhaja gumin mutane ce, injiniyoyi dubbai suka yi shekaru suna rubuta ta, wanda ya kwafa bai biya ba ya ci haƙƙi. Suna ƙarawa da cewa masu raya al'adu ne ya kamata su fi kowa gane wannan, tunda sun ga yadda masu kwafar kaset da faifai suka tsiyata mawaƙa, suka karya kasuwar fina-finan Hausa ta Kano, suka sa marubuci ya ga littafinsa a kasuwa bai san wanda ya buga ba. Doka ma tana bayansu: yarjejeniyar Bangi ta ƙungiyar OAPI, wadda Nijar ke ciki, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi, akwai kuma hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa.

Duk wannan gaskiya ne, haƙƙi kuma haƙƙi ne ko na attajiri ne. Sai dai kwatancin yana da rami. Mawaƙin da aka kwafi waƙarsa ba shi da hannu a cikin rediyon mai saurare. Ba zai iya kashe ta daga nesa ba, ba ya ƙirga sau nawa aka kunna, ba ya rubuta lambar rediyon a littafinsa. In yana neman haƙƙinsa, hukuma yake zuwa, ya kawo shaida, a saurari ɗaya ɓangaren. Abin da ake ƙi a tsarin tantancewa shi ne kamfani ya tsallake wannan hanya duka. Na biyu, wanda bai sayi kaset ɗin mawaƙi ba zai rayu lafiya lau. Ɗalibin da manhajar karatunsa ta ce sai ya koyi Word da Excel, ma'aikacin da ofis ya ce sai ya kawo takarda a siffar da manhajar kamfani ɗaya ke buɗewa daidai, ba su da wannan zaɓi. Wanda aka tilasta wa bin hanya guda, aka kafa masa shinge a tsakiyarta, abin da yake biya ya fi kama da haraji.

Sai a dubi harajin. A 2024 farashin Windows 11 ta gida a shagon kamfanin na Faransa yuro 145 ne, wato wajen jika 95 na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun shekarar jika 42 ne. Lasisi ɗaya ya haura albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, a Faransa kuwa bai kai ladan aikin kwana uku ba. Ɗaki mai na'ura 20 zai ci kusan sefa miliyan biyu kafin a sayi kujera ko a ja wayar wuta. Akwai rangwame ga makarantu, amma galibi ta yarjejeniyar da ake sabuntawa yake bi, ranar da kuɗin aikin taimako ya ƙare kuma ita ma ta ƙare.

Kamfanin ya san farashin nan ba na talaka ba ne, ya kuma san amfanin satar a gare shi. A 1998, a Jami'ar Washinton, Bill Gates ya faɗa a bainar jama'a cewa mutanen Sin ba sa biyan kuɗin manhaja, amma tunda sata za su yi gara su saci tasu, su saba har su kasa rabuwa da ita, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ya biyo baya ya gaskata maganar. A 2004, lokacin da Linux ta fara samun shiga a ƙasashen Asiya, aka fitar da XP mai rahusa wadda ba ta buɗe manhaja fiye da uku a lokaci guda. A 2007 aka yi wa gwamnatoci tayin Windows da Office a kan dala 3 ta Amurka ga kowane ɗalibi. A shekarar nan ce kuma shugaban kamfanin Mandriva na Faransa ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa, bayan an gaya masa cewa ƙananan kwamfutoci 17,000 da aka saya wa makarantun Nijeriya da Linux a kansu za a goge su a zuba Windows; Microsoft ya musanta aikata ba daidai ba, hukumar da ta ba da kuɗin kuma ta ce tana son a bar Linux. Yau Windows da ba a tabbatar ba tana aiki shekara da shekaru, da rubutun nan kawai a kusurwa da hana sauya hoton fuska. Shingen famfo ne: a matse inda ake da kuɗin biya, a sassauta inda ake tsoron mutane su gudu.

Shingen ya sake kama

Kada a zaci zancen ya wuce da zamanin XP. Tun Windows 10 a 2015 lasisi ya koma rajista a manyan na'urorin kamfanin, ɗaure da zanen yatsan kwamfuta. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman intanet da asusun Microsoft wajen kafa ta a na'urar gida, tana kuma tantance ƙarfen kansa: sai mai wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sai kuma ƙwaƙwalwar da ba ta girmi ta wajen 2017 ba. A ranar 14 ga Oktoba 2025 aka daina ba Windows 10 facin tsaro na kyauta. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta na'urori miliyan 240 ne za su iya zama shara saboda haka. Ba sai an yi duba ba kafin a san inda kaso mai yawa na wannan shara zai sauka, da sunan gwanjo ko da sunan taimako. Za su iso da lasisinsu na halal, a kan manhajar da mai ita ya yi wa sallama.

An buɗe ƙarin shekara guda na faci, zuwa Oktoban 2026, ga wanda ya biya dala 30 ko ya cika wasu sharuɗɗa na asusun kamfanin. A Turai ƙungiyoyin kare masu saye suka tashi, aka sauke musu yawancin sharuɗɗan. Tun 2012 ma kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa wanda ya sayi lasisin manhaja na dindindin yana da ikon sayar da shi gwanjo. Inda akwai ƙungiya da doka, shingen yakan risina. Inda babu, sai abin da kamfani ya ga dama.

Lasisin da ke zaune a wata ƙasa kuwa yana bin siyasar ƙasar. A Oktoban 2019 kamfanin Adobe ya sanar da rufe asusun dukan masu hulɗa da shi a Benezuwela saboda takunkumin Amurka, masu biya da marasa biya, sai da gwamnatin Amurka ta ba shi izini sannan ya fasa. A Maris na 2022 Microsoft ya dakatar da sabon ciniki a Rasha. Ko mene ne ra'ayin mutum game da waɗannan rigingimu, mutanen da suka ga an rufe iyaka an yanke wutar lantarki a 2023 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan abin da ake nufi da makulli a hannun wani.

Harshe ma bai tsira ba. An fassara fuskar Windows Vista da Windows 7 zuwa Hausa, aiki ne kuma mai kyau, amma sai na'urar da ta ci jarrabawar lasisi ake ba damar sauko da fassarar. Hausa ta shiga kwamfuta, aka tsayar da mafi yawan Hausawa a bakin ƙofa. Fassarar mallakar kamfani ce. Wata ƙungiyar marubuta a Damagaram ba ta da ikon gyara kalma ɗaya a ciki ta raba wa makarantu. Tun Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Harshen ƙasa bai kamata ya zama ɗan haya a na'urorin makarantun ƙasar ba.

Sata ba ta fid da kowa

Wanda ya karanta duk wannan ya ce to a ci gaba da fasa makulli, bai fahimci zancen ba. Kwafin sata shi ne ƙugiyar da Gates ya bayyana tun 1998, duk ajin da aka koyar a kansa kuma masu saye ne ake reno wa kamfani kyauta. Ƙananan manhajojin da masu gyara ke fasa makulli da su ƙofa ce da ba a san wanda ya sassaƙa ba; masu binciken tsaro sun sha kama irinsu ɗauke da ɓarayin kalmomin sirri. Cutar WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda ta kama na'urori fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, ta bi ta ramin da aka riga aka fitar wa faci wata biyu kafin nan. Waɗanda ba su sabunta ba su ta ci. Ga kuma abin da ya fi duka ciwo: malamin da ke koyar da gaskiya da riƙon amana da safe, da yamma yana nuna wa yara yadda ake ɓoye rubutun tuhuma.

Akwai hanya ta uku, ba kuma mafarki ba ce. Manhajoji masu ƴanci, irin su Linux da LibreOffice, lasisinsu da kansa ya halatta a kwafa, a raba, a gyara, a fassara. Ba su da makulli, ba su da mai bincike, wasu nau'o'insu kuma suna tafiya lafiya a kan na'urar da Windows 11 ta ƙi. Jandarmomin Faransa sun koma OpenOffice a 2005, suka fara komawa Ubuntu a 2008, na'urori dubbai masu yawa. Makarantun gwamnati na jihar Kerala ta Indiya sun shafe shekaru fiye da goma sha biyar a kan Linux. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar sauya na'urori 30,000. Ponosov kansa, bayan abin da ya same shi, yaɗa manhaja mai ƴanci a makarantu ya mayar aikinsa. A fagen harshe, masana a Jami'ar Darussalam ta Tanzaniya sun fitar da OpenOffice da Swahili a 2004, ba su nemi izinin kowa ba. Linux tana zuwa da tsarin madannai na Hausa mai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Hanyar tana da ƙaya. Wata na'urar buga takardu takan ƙi aiki, malamai suna bukatar horo, masu gyara sun saba da abin da suka saba. Birnin Munik, wanda ya yi fice da komawa Linux, majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Sauyin da aka yi da takardar umarni kawai, ba horo ba mai kula, rushewa yake yi. Amma wahalar koyo ana shan ta sau ɗaya, ilimin ya zauna a gari. Kuɗin lasisi kullum fita yake.

Saboda haka aikin a rabe yake. Shugabannin makarantu kada su sake karɓar kwamfuta, ta saye ko ta taimako, sai da takardar da ta faɗi manhajar da ke kanta da lasisinta, da sa hannun wanda ya kawo. Masu tsara doka su ɗora alhakin kwafin jabu a kan wanda ya zuba ya sayar, su sauke shi daga wuyan malamin da ya karɓa da kyakkyawar niyya. Ƙasashe marasa ƙarfi irin Nijar suna da sassauci a dokokin cinikayya na duniya har zuwa Yulin 2034, ya kamata a san abin da za a yi da shi. Ma'aikatar ilimi ta cire sunayen kamfanoni daga manhajar karatu: a koyar da sarrafa rubutu da lissafin jadawali, a yi jarrabawa a kan iyawa, a kuma karɓi takardu a siffar ODF, wadda ta zama ma'aunin duniya tun 2006. Cibiyoyin koyon sana'a su horar da masu gyara a kan Linux, domin su ne ke yanke wa kowace na'ura hukuncin abin da za ta ɗauka. Ƙungiyoyin raya al'adu kuma su zauna da malaman Hausa, Zabarmanci, Fulfulde, Tamajak da Barbarci, su ɗauki manhaja ɗaya, su fara fassara ta kalma bayan kalma, su ajiye ƙamus ɗin a inda kowa zai iya gyarawa. Ƙarfin da ake da shi na yaƙi da satar fasaha a fara kashe shi kan mawaƙi da marubucin gida, waɗanda ba su da lauya ko ɗaya.

Na'urorin da Turai ke zubarwa saboda Windows 11 suna kan hanya, wasu ma sun iso. Abin da za a zuba musu ranar da suka shiga aji shi ne zai nuna ko ɗaliban da ke tasowa za su girma suna ɓoye tuhuma, ko suna aiki da abin da yake halalinsu. Magabata sun riga sun faɗa: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.